Wushiryar da Na Samu a Guangzhou

Jama'a, kun daɗe kuna tambayata me ya sa ba na buɗe baki a hotunan 2008. Yau zan faɗa.

A shekarar nake zuwa sarin takalma titin Zhanxi Lu a Guangzhou tare da Rakiya, ƙawata 'yar Maraɗi. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Sanyuanli. Rakiya tana da wushirya, ni kuwa tun ina yarinya nake mutuwar son wushirya. In ta yi murmushi, laoban mai shago da ya ce mini "meyo", wato babu, sai ya shiga ciki ya fito mata da kaya. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Sai rannan na duba madubi, na ga haƙoran gabana sun fara rabuwa. Wayyo daɗi! Na ce ashe rabona ne ya makara.

Jinin da nake gani a asuwaki ban kula shi ba. Na ce mugun jini ne yake fita.

Rakiya ta leƙa bakina ta ce, "Yaya Binta, wushirya ba ta tsirowa a shekara arba'in. Mu je asibiti wajen lokotoro."

Na ce a raina, ga baƙin ciki ƙiri-ƙiri, ba ta son mu zama biyu.

Ƙasar na ta shirin Olamfik, ni ina ta washe baki a titin Huanshi Lu. Sai warin baki ya biyo baya. Sai na gatsa tuffa, haƙori ya motsa.

Rakiyar ce dai ta ja ni asibitin haƙori. Likitar ta saƙa wata siririyar takarda tsakanin haƙorina da dasashi, ta tsotso ruwan wurin. Tafinta ya ce akwai sinadarai, enzayim, da jiki ke rushe tsohon nama da su don ya gina sabo. In dasashi ya kamu, sai su yi ta rusau ba gini. Ya ce gwajin na bincike ne tukuna, amma nawa sun yi yawa, hoto kuma ya nuna ƙashi ya zaizaye.

"Ba ado ba ne," in ji shi. "Haƙoranki ne ke shirin zubewa."

Na yi kuka. An yi ta kankare ƙarƙashin dasashi, zama bayan zama, ribar tafiyar duk ta tafi. Rakiya ke dama mini kunu, tana murmushin nan nata, ni ina hararar ta.

Da na dawo bayan watanni aka sake gwaji, sinadaran sun sauka. Daga baya aka ja haƙoran da waya, suka haɗe.

Alhamdu lillahi, ko ɗaya bai faɗi ba. Rakiya, Allah Ya biya ki.

Ku kuma, in kun ga jini a asuwaki, ko haƙori ya fara gudun ɗan'uwansa da girma, ku je asibiti.

Har yau in Rakiya ta yi dariya sai na ciji yatsa don wushiryar nan tata. Amma da haƙorana nake cizon yatsa.