Surukata da Karatun Tafiyar Ƙasa

Ban taɓa shiga ajin boko ba, amma na daɗe zaune da 'yan boko gida ɗaya a Kurmin Mashi, don haka ba kasafai lamarinsu ke ba ni mamaki ba. Wanda ya ba ni mamaki shi ne na surukata, matar ɗana na fari. Ma'aikaciyar lafiya ce, ta ɗauki hutu a ofis ta koma jami'a ƙaro karatu. Wata rana ƙanwata, wadda ke zaune a tsallaken babban titi, ta zo gaishe ni, na tambaye ta me yarinyar take karantawa. Ta ce wai tafiya.

"Tafiya ina?"

"Tafiya kawai, Yaya. Da ƙafa. Da yadda masu keke ke fama, da yadda ake tsallaka titi. Wai lafiyar mutanen gari tana ciki."

Na ce Allah ya ba da sa'a. Mu da muka tashi muna yin ta tun daga rijiya har kasuwa, babu wanda ya miƙo mana takarda.

Ashe da saƙo ta zo. Malamin yarinyar ya mayar mata da aikinta, ya ce da matasa kaɗai ta yi magana, sai ta nemo tsofaffin mata ta bi su hanyar da suka saba bi, tana tambayarsu suna amsawa, waya tana ɗaukar murya. Duk tsohuwar da ta roƙa ta ƙi. Hutunta kuma ya kusa ƙarewa, in ta koma ofis aikin bai kammala ba, wahalar shekarar ta tafi a banza. Ɗakina da nata bango ɗaya ne ya raba, amma sai da ta tsallaka titi ta je ta faɗa wa ƙanwata, ita kuma ta tsallako ta faɗa mini. Ban ga laifinta ba. Tarbiyyar gidansu ke nan, tun da aka kawo ta ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba, kuma ni ma haka nake so.

Na ce ta shirya, ran Asabar da hantsi zan je gidan ƙanwar tawa.

Muka fito. Ina gaba, tana baya, kamar yadda ya dace. Sai dai bayan nata ya yi yawa, tsakanina da ita mai kura zai wuce da ruwansa bai taɓa kowa ba. Lokaci-lokaci nakan ji ƙus-ƙus, in waiga, in tarar kanta a sunkuye tana yi wa takalminta tambaya.

"Me kika ce?"

"A'a, Mama, ba komai."

Muka wuce masu faci da suka baza tayoyi a inda ya kamata mutum ya taka, muka ratsa ta gefen kwatar da aka buɗe tun bara ba a rufe ba. Ina da abin faɗa a kan kowanne, amma ba a tambaye ni ba, ni kuwa ba na cusa baki. Ga masu Keke Napep, duk wanda ya hango tsohuwa sai ya rage gudu ya danna ham. Wani maƙwabcinmu ma har ya tsayar da mota.

"Hajiya, lafiya kike tafiya a ƙasa? Motar Alhaji ta lalace ne?"

"Lafiya lau. Karatu muke yi."

Ya dube ni, ya dubi yarinyar can nesa, ya ja motarsa.

Da yamma na ji ta ta bango tana kunna abin da ta ɗauka. Ham, ham, ƙarar injin niƙa, sai can ƙasa-ƙasa muryata ina tambayar wata mata ya mai jiki. Ta mayar baya ta sake kunnawa, abin bai sake zani ba. Ranar miyar gidan ba ta ji gishiri ba.

Fita ta biyu ta zo da dabara. Ta durƙusa ta miƙo mini wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino, wai in maƙala a wuyan hijabina, duk abin da na gani a hanya in faɗa, shi zai ɗauka. Na maƙala. Muka kama hanya, ta koma mazauninta na baya. Na buɗe baki zan yi maganar kwatar nan, sai na ga mai shago yana kallona. A unguwar da aka san mijina, aka san 'ya'yana, a ce an ga Hajiya tana tafe tana surutu ita kaɗai tana nuna rami da yatsa? Kafin azahar labari ya kai unguwar Mando cewa kaina ya taɓu. Na rufe bakina gam har muka je muka dawo. Na dai ce mata ta matso sau ɗaya. Ta matso kamar tsawon tafin hannu.

Daren nan ɗana ya shigo gaishe ni, ya zauna yana murza hula. Shi ma ba ya iya doguwar magana da ni. Daga ƙarshe ya ce wai ta ce a bar ni in huta, za ta haƙura da karatun bana. Na ce masa ban ce na gaji ba, ta fito gobe.

Washegari na sake maƙala abin, muka isa babban titin, inda tireloli ke gangarowa kamar an koro su. Akwai gadar sama ta masu ƙafa a wajen, amma matakalarta kamar don sojoji aka yi, ni kuwa gwiwoyina sun daɗe da yin murabus. Fitarmu biyun baya ta ƙasa na tsallaka, tana biye. Yau ma na duba dama, na duba hagu, na sa ƙafa. Na kai tsakiya ke nan sai wani mai Keke ya ɓullo ta hannun da ba nasa ba. Ban gan shi ba. Ji na yi kawai an cafki wuyan hannuna an fizge ni kan dakalin da ya raba titin.

"Mama! Haba Mama! Wannan wane irin ganganci ne? Ga gada can a tsaye! Kullum haka kike yi? In wani abu ya same ki me zan ce wa mutane?"

Ashe tana da murya. Har mai rake na tsallake sai da ya juyo. Ta gama faɗan sarai kafin ta tuna da wa take yi. Sai ga ta tana neman durƙusawa a tsakiyar titi, motoci na wucewa ta gaba ta baya, tana cewa in yafe mata, tana ƙoƙarin zare hannunta. Na riƙe shi da kyau.

"Miƙe, kada ki tara mana jama'a. Abin nan na wuyana yana kunne?"

"Yana kunne, Mama."

"To tambaya kika yi ko faɗa?"

A hankali ta ce, "Me ya sa ba kya hawa gadar?"

Na faɗa mata. Na faɗi na gwiwa, na faɗi na ƙarfen dafawa da ya yi tsatsa, da yadda hijabi ke harɗe ƙafa a matakala. Tun da an buɗe mini ƙofa, na haɗa da kwata da masu faci da masu ham. Ita ma ta faɗa mini abin da ban sani ba, wai wannan 'yar tafiyar da nake yi ita ke riƙe mini hawan jinina, kuma sun ga mata da yawa sun daina fita don tsoron titi, ciwo ya same su a zaune. Na ce wannan kam ban musa ba, na san wasu.

Da za mu dawo ta ce ta gada za mu bi. Ba roƙo ta yi ba. Muka hau, ina mita tana tallafe da ni, kowace matakala sai na ambaci wanda ya zana ta. A sama na tsaya ina haki, ita kuma tana dariya a cikin mayafi, tana tsammanin ban gani ba.

Malamin ya karɓi wannan hirar da aka ɗauka, ya ce a ƙaro irinsa. Ran Litinin na je makarantarmu ta Islamiyya ta manya, bayan an tashi na tare tsofaffin da suka ƙi ta da farko. Na ce surukata ce, ni na aiko ta, wadda ta ƙi kuma na ji. Suka ce ai ba su san tawa ba ce. Na kuma gargaɗe su, su kama hannunta tun daga ƙofar gida, in ba haka ba za su waiga su hango ta a wata unguwar.

Ta miƙa aikin saura 'yan kwanaki hutunta ya ƙare. Gadar dai tana nan yadda take, kuma har yau ta kanta ake bi da ni.