Lemon Cittar da Na Ba Kawu

Ko zan manta komai na zamana a Amurka, ba zan manta ranar da na miƙa wa Kawu kwalba biyu na lemon citta ba.

Ba kawuna ba ne na jini. Dattijo ne ɗan garinmu wanda ya ɗauko ni daga filin jirgi, ya ba ni ɗaki a gidansa a Greenbelt har na samu abin yi. Aikinsa kai marasa lafiya asibiti a mota, kuma kowa ya shaida bai taɓa kusantar giya ba.

A gidan abincin da nake wanke-wanke ne wani abokin aiki ya koya mini sa yis ɗin burodi a lemon citta don ya yi gas kamar na kanti. Ya kuma gargaɗe ni cewa yis sukari yake ci. Da ya fara kumfa a sa shi a firji, in ba haka ba zaƙin ya tafi, abin ya koma giya. Na ƙware, har ya zama ba a taron 'yan gida sai an ce in kawo. Yabon nan ya shiga kaina.

Da aka zo sunan ɗan wani abokinmu a Bowie, ana tsakiyar zafi, firjina ya cika da naman da aka ba ni ajiya, sai na bar kwalaben a kabad. Ranar suna na buɗe ɗaya na kurɓa. Babu zaƙi, wani ɗumi ya sauka a ƙirjina, warin kuma na san shi daga kofunan da nake wankewa. Na gane sarai. Na zubar da sauran, amma Kawu ya riga ya ce in ajiye masa nasa, ni kuma ina jin kunyar a ce na kasa. Sai na dafa sukari na tuttula a kwalba biyu, na matsa lemon tsami har warin ya ɓuya.

"Ɗana, yau ka cika hannu da citta," ya ce yana dariya.

"Sabuwa ce, Kawu."

Ya shanye duka biyun ko abinci bai ci ba. Bayan la'asar ya tafi ɗauko wata mata daga wankin ƙoda. A babbar hanyar Beltway ya gogi ƙarfen gefen titi. Ba wanda ya ji rauni, amma 'yan sanda suka sa ya hura na'urarsu ta gwajin giya, ta nuna ya sha. Aka karɓe lasisinsa, aka sallame shi daga aiki. Ya yi ta rantsuwa, mutane suna gyaɗa kai a gabansa, suna ƙus-ƙus a bayansa. Mutumin sahun farko ya koma sallah a gida. Ni kuwa na yi shiru wata da watanni, har ina zuwa yi masa jaje.

Wata rana na durƙusa a falonsa na faɗa masa gaskiya.

"Kullum ina tambayar Allah me na yi," ya ce. "Ashe kana zaune kusa da ni da amsar. Na yafe maka. Amma ranar Juma'a za ka faɗa wa mutane da bakinka."

Na faɗa. Mutuncinsa ya dawo, aikin bai dawo ba.

Tun daga nan na gane cewa in abu ya lalace a hannunka, ka zubar, ka faɗi gaskiya. In ka rufe shi da sukari, wanda ya fi yarda da kai ne zai sha.