Ayaba a Gindin Bishiya

Ina kankare tukunyar koko a bakin gota, wato kwata, sai wata mai itace ta shigo lungunmu da gudu, ba kaya a kanta, gammonta a hannu. Na santa, ita ke kawo mini itacen da nake dama koko da shi kowace safiya. Ta tsaya tana haki, ta ce, "Maame, bar tukunya. Maciji ya sari mijinki a daji." Ranar Lahadi ce, rana ta kusa tsaka. Maza huɗu suka ɗauko shi a kan wani tsohon ƙyaure, amma kafin su iso unguwarmu ta Nima, ya cika.

Ban yi kururuwa ba. Abin da ya fara zuwa raina, Allah ya yafe mini, shi ne tambaya: a gindin wace bishiya?

Mijina mai kula da lambu ne. Shekara tara ya yi a gidan wani Bature a Kantomen, yana ba furanni ruwa yana aske ciyawa. Baturen nan yana kama malam-buɗe-littafi da raga, ya soke su da allura, ya jera a akwatin gilashi. Mijina ke riƙe masa jaka in za su daji. Bayan an sami mulkin kai Baturen ya koma ƙasarsu da akwatunansa, aka ba wani ma'aikacin gwamnati gidan, mijina ya ci gaba da aikin lambu. Zuwa dajin ma bai daina ba. Duk Lahadi, in hantsi ya yi, sai ya saɓa buhu ya nufi dajin da ke bayan Mamobi, ta wajen Acimota. Ba ya ɗaukar raga. Ya ce shi bai ga abin da suka yi masa ba da zai soke su.

Mutum ne marar magana, amma in aka taɓo zancen malam-buɗe-littafi sai bakinsa ya buɗe. Ina tace gasara yana gaya mini cewa kowanne da furensa. Mai ruwan goro da baƙin gefe, a kan tumfafiya ake samunsa. Babban nan baƙi mai ɗigon rawaya yana son inda lemo yake, kuma ko yana shan fure fukafukansa ba sa tsayawa. Ƙanana farare sukan taru a bakin taɓo kamar mata a famfo. Ya ce bakinsu zare ne a naɗe, sai sun sauka kan fure suke warware shi. Nakan ce, "Malam, miƙo mini rariya." Sai ya miƙo, ya yi shiru.

Abin da ban gane ba shi ne ayaba. Ran Alhamis yakan biya Kasuwar Malam Atta ya karɓo wadda ta nuna ta wuce ci, wadda masu sayarwa za su zubar. Ya murje ta a gwangwani, ya rufe, ya ajiye bayan ɗaki har ta yi tsami. Ran Lahadi ta bi shi daji, da wani farin ƙyalle. Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce, "Akwai waɗanda ba sa sauka kan fure. Suna can ƙwanƙolin bishiya, sai da wannan suke saukowa." Na ce to. A raina na ce ban taɓa jin ƙwaron da ake shimfiɗa wa farin ƙyalle ba.

Mun haifi 'ya'ya uku, duk sun koma kafin yaye. Kowa a gidan hayarmu ya san wannan. Kowa kuma ya san yadda wasu mutanen ƙasar nan suke kai abinci da farin ƙyalle gindin bishiya in suna neman haihuwa. Masu itace suka gan shi, maganar ta shigo Zongo. A famfo wata ta ce mini, "Yau ma maigida ya kai wa surukinsa kalaci?" Aka yi dariya. Wata ta ce, "Ku bar ta, in ya kama ai mu ma a nuna mana bishiyar." Masu sayen kokona suka ragu. Wani dattijo da ya shekara biyar yana sha a wurina ya koma sayen na wata a ƙarshen layi.

Wata Lahadi na bi shi. Na bar tazara, na laɓe bayan wani shuri. Na ga ya shimfiɗa ƙyallen a gindin wata babbar bishiya, ya juye ayabar a kai, ya ja baya kaɗan, ya durƙusa. Kansa a ɗage, leɓunansa suna motsi. Ban jira ba. Na juyo gida. Da ya dawo na zuba masa tuwo kamar kullum. Wata bakwai muka yi a haka, ina kallonsa in yana alwala, ina ƙirga raka'o'insa ta gefen ido.

Ranar da aka kawo gawarsa, yayansa ya zo daga Tudu, inda yake sayar da goro. Shi ya kawo mijina wannan ƙasa tun yana saurayi. Ina cikin ɗaki da mata, na ji muryarsa a tsakar gida yana ce wa liman, "A gindin bishiyar aka same shi, da ƙyallen, da abincin. Mai wurin ne ya karɓi abinsa. Ni ba zan tsaya a kansa ba."

Liman ya zo bakin ƙofa, labule a tsakaninmu. Ya ce, "Baiwar Allah, ke kika zauna da shi. Kin taɓa ganin ya yi wa wani abu sujada ban da Allah?"

Na yi shiru. Ban san tsawon shirun ba, amma ya kai a ji shi a tsakar gida. Sannan na ce, "Ban ga goshinsa a ƙasa ba."

Liman ya ce, "Ya isa. A yi masa wanka."

An sallace shi. Waɗanda suka dawo daga maƙabarta sun ce sahu ɗaya ne, bai ma cika ba. Yayansa bai je ba, bai kuma zo zaman makoki ba.

Da na fita takaba, na roƙi mai itacen nan ta raka ni gindin bishiyar. Na murje ayaba da hannuna, na bar ta kwana uku. Ban ɗauki ƙyalle ba, a kan ganye na zuba. Tana tsaye nesa da adda, tana cewa, "Maame, yi sauri, wurin nan ba kyau." Na zauna. Gefen hanya akwai wani ƙaramin itace mai furanni ja da rawaya a dunƙule, masu ruwan goron nan suna ta sauka a kai, suna warware zarensu kamar yadda ya faɗa. Ayabar kuwa ba abin da ya zo mata sai ƙudaje.

Har na fara tattara zanena, sai wani abu ya faɗo daga sama da ƙarfi, kamar an jefo shi. Babba ne, kauri gare shi, bai yi kama da na furen ba. Ya sauka kan ayabar, ya buɗe fukafukai, baƙi da shuɗi. Wani ya biyo, sai wani. Ban san lokacin da na durƙusa ba don in gani da kyau. Sai da mai itacen ta ce, "Me kike faɗa?" na ji bakina yana motsi. Ƙirga su nake yi.

Ban san ko shi ma ƙirgawa yake yi ba. Ban tsaya ba ranar da na bi shi, kuma ban tambaye shi ba. Ƙyallen, ina jin don ya ga launinsu da kyau ne, amma wannan ma zatona ne.

Na faɗa wa matan gidanmu abin da na gani. Suka ce, "Allah ya jiƙansa," suka ci gaba da wanki. Na faɗa wa liman, ya ce shi dama bai yi shakka ba. Wanda ya kamata ya ji shi ne yayansa, domin shiruna ya ji a tsakar gida ya tafi da shi. Sau biyu na je Tudu, na hango shi a rumfarsa yana yayyafa wa goro ruwa, na kasa ƙarasawa. Zuwa na uku aka ce ya tattara ya koma gida arewa. Ban san ko yana raye ba. Har yau ban gaya masa ba.