Kawu Bawa da Ƙarfen Sama

Kun dai san Kawu Bawa maƙeri, ba ya wuce ƙarfe bai ƙwanƙwasa shi ba. Ko ƙofar gidan surukai ce, sai ya kara kunne, ya taɓe baki, ya ce, "Gwangwani." Taƙamarsa guda ce: duk Gummi ba a yi ƙarfen da ya gagare shi ba.

Sai ga wani makiyayi daga dajin Gwashi da wani baƙin curin ƙarfe a kan jaki. Bai fi kan rago ba, amma jakin har tangaɗi yake. Kawu ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya sake ƙwanƙwasawa. Ranar muka san an gamu.

Ya rantse a gaban jama'a sai ya fitar da garma a jikinsa. Gawayi ya ƙare, zarto ya cinye, ƙotar masaba, gudumar ƙirarsa, ta karye. Curi na nan yadda yake.

Maƙwabcinmu Malam Yohana, mai koyar da kimiyya, ya kawo maganaɗisu, ya manne caf.

"Baba, wannan daga sararin samaniya ya faɗo. Ƙarfe ne gauraye da wani ƙarfen da ake kira nikel, ya girmi duk duwatsun ƙasar nan."

"Ko daga ina ya hito, yanzu Gummi yake," in ji Kawu.

Dillalai suka zo tun daga Anka, wai a ƙasashen waje yanka shi ake a yi zobba. Kawu ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ba a sai da abokin dambe ana tsakiyar turmi."

Daga ƙarshe ya mirgine tsohuwar uwar maƙerarsa gefe, ya girka curin a gurbinta, ya ci gaba da ƙira a kansa. Matarsa, Inna Hajo, ta leƙo.

"Ashe ka sallama?"

"Wa? Kullum dukan shi nikai, bai taɓa ramawa ba!"

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, murya ta shige, ya yafito Inna Hajo.

"Curin ya lotsa?"

"Ya lotsa, Malam. Kamar an daddanna da yatsa."

"Na hwaɗa muku," ya ce, ya lumshe ido.

Da waɗannan ramukan curin ya faɗo daga sama, duk mun sani. Ba wanda ya ko yi tari.

Wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Kawu, ya sassauta masa, ya sa ya huta.