Mai Hoto, Ƙwallon Nan Ta Shiga ko Ba Ta Shiga Ba?

Shekara arba'in da wani abu ina binka da tambaya ɗaya, Mai Hoto, kana yi mini dariya kana sauya zance. Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ɗiyarka ta turo a faɗa mini ka cika. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ka tafi ba ka amsa mini ba.

Ni ban yi makaranta ba. 'Yata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni ne golan unguwarmu a wasan ƙarshe na kofin da muka rasa. An buga mini fenareti, na faɗi na rungume ƙwallo a kan layi, alƙalin wasa ya ce ta haye. Kai kana tsugune a gefen raga da tsohuwar kyamararka. Da ka wanko hoton, sai ga ni kwance da ƙwallo a ƙirji, ƙura ta rufe layin. Ka ce kyamarar ce ta makara. Har yau in na wuce, tsofaffin 'yan wasanmu sai su tambaye ni ko hannun nawa ya daina yoyo.

Tun daga ranar ka tsani kyamara mai nawa. Ba ka taɓa samun halin sayen sabuwa ba, kullum ta hannu. In za ka sauya, sai ka biyo ta gidana ka ce, "Gola, taso mu je ka yi aikinka." A shago ba ka kallon ƙyalli. Gangar jikin kyamarar kawai kake saye, idonta mai tsawo kuma, wato gilashin gaba, ka zo da abinka a jaka, don ka ce ɗan abin da mutum yake da shi a ido ya kamata ya zuba. Sai ka tambayi sau nawa aka danna ta, kamar mai duba tafiyar mota, ka kara ta a kunne ka ji saurin bugunta. Daga nan ka cilla mini hularka. In hoto ya nuna hula a sama yatsuna na dab da ita, ka saya. In ya nuna ta a hannuna, ka ajiye, ko da an rage maka kuɗi. Masu shago sun sha kallonmu kamar mahaukata. Da gwiwata ta mutu ma ba ka sallame ni ba, kujera kake sa a ba ni, in cafe daga zaune.

Alherinka ba ya ɓuya. Yaran da ba su da ko takalmi ka ba su hotunansu kyauta, wasu da su aka ɗauke su manyan ƙungiyoyi. Da aka yi mini aikin gwiwa, kai ka yi ta zarya asibiti, har ma'aikata suka ɗauka ƙanena ne. Ban taɓa jin ka ɗaga wa mutum murya ba, sai wanda ya tsaya maka a gaban kyamara.

Jiya na je yi wa ɗiyarka gaisuwa a shagonka na hoto. Ta ɗauko irin tsohuwar kyamarar nan ta ce in leƙa in danna. Na danna, sai na ga duhu, kamar an ƙifta mini ido. Ta ce, "Baba, haka take. Abin da ka ɗauka ba ka ganinsa. Abin da ka gani kuwa, ya riga ya wuce ka."

Na samu wuri na zauna. Ashe in kyamarar ta makara, idonka a buɗe yake lokacin da ƙwallo ta zo layi. Ka gani, Mai Hoto. Kai kaɗai ka gani daga inda ya dace.

To me ya hana ka faɗa? In ba ta shiga ba, ya za ka bar su suna yi mini ba'a har furfura? In kuwa ta shiga, shin duk cillar hular nan lallashina kake yi? Abin ya tsaya mini a rai, ba fushi nake yi ba, so nake in sani.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Ni na yafe maka komai. Allah ya ba mai ɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka haƙurin rashinka.

Amma ke mai ɗakinsa, ba mutumin da zai riƙe magana shekara arba'in bai taɓa faɗa wa matarsa ba. Ba na gaggauta ki. In hawaye ya tsaya, zan zo in zauna a ƙofar gida, kuma ba zan tashi ba sai kin faɗa mini: ta shiga ko ba ta shiga ba?