Ranar da Irin Remzi Ya Mutu

Remzi ɗan yankin Tonya ne, daga wani ƙauye da ke maƙale a jikin dutse, inda mai kiwon saniya ba ya sakin igiyarta don kada ta gangara. Yana da shekara ashirin da uku ya hau mota daga birnin Trabzon, ya kwana uku a hanya, ya ƙetare iyakar ƙasarmu ya sauka birnin Bukares da jaka ɗaya da 'yar takarda mai ɗauke da suna ɗaya: Nizam Usta. Ɗan'uwan mahaifiyarsa ne na nesa, mai gidan burodi a unguwar Kolentina; Usta kuwa laƙabi ne da muke yi wa gwanin sana'a.

A wancan zamani haka kowannenmu ya shigo garin nan, ta hannun wani ɗan Tonya. Komai kuma a gidan shayin Sabri ake ƙulla shi, can bayan kasuwar Obor. Nan ake samar wa baƙo ɗaki, nan ake nuna masa mai cike takardun zama, nan ake sanin motar da za ta kawo fulawa da wadda za ta kawo itace. Wanda ba shi da kujera a wurin Sabri, ko yana da kuɗi, maraya ne.

Abin da ya ɗaga Nizam Usta a kan sauran masu gashi shi ne irinsa. Tsohon kwaɓi ne mai tsami da ya taho da shi daga gida a cikin tulu, wanda kakansa ma gadonsa ya yi. Kullum sau biyu ake ciyar da shi da gari da ruwa, kamar jinjiri. Da shi ake tayar da ƙaton burodin nan namu mai kaurin ɓawo, wanda yake kwana biyar bai bushe ba. Shekara bakwai Remzi ne mai ciyar da shi. Ya san ƙamshinsa in yana jin yunwa, ya san shi in ya ƙoshi.

Al'adar mutanenmu, in ma'aikaci ya isa tsayawa da ƙafarsa, sai ya roƙi maigidansa a gaban jama'a, ya sumbaci hannunsa ya ɗora a goshi. Maigida ya ɗebo iri ya naɗe masa a ƙyalle, ya faɗa masa unguwar da zai buɗe. Sau uku Remzi yana roƙo, sau uku Nizam Usta yana cewa, "Baɗi, in Allah ya kai mu. Gaggawar me kake yi?" A shekara ta bakwai, bayan ya ɗauko amaryarsa Gulizar daga ƙauye suna zaune a ɗaki ɗaya da tukwane a ƙarƙashin gado, sai wata rana ya gutsuri iri kamar girman ƙwai, ya saka a gwangwanin ganyen shayi, ya fita bai dawo ba. Ya kama wani tsohon shago mai tanderu, layi biyu kacal daga na maigidansa.

Aka kira shi wurin Sabri ya faɗi inda ya samo iri. Ya ce mahaifiyarsa ce ta aiko masa da iri daga ƙauye. Nizam Usta ya tura masa gutsuren burodi a kan tebur ya ce ya rantse. Remzi ya ɗauka, ya sumbata, ya kai goshi, ya ce, "Burodin nan ya kama ni in na taɓa irinka." Ba wanda ya ƙaryata shi. Sai dai daga ranar, in ya zauna Sabri ba ya kawo masa shayi. Motar fulawa ta riƙa wuce ƙofarsa ba ta tsayawa. Aka yi bikin aure ba a gaya masa ba, aka kai gawa filin jirgi don a mayar da ita gida ba a kira shi ya kama makara ba.

Shekara shida ya yi a haka. Ya koyi yaren garin dole, ya nemi fulawa wurin 'yan ƙasa, ya riƙa ɗauko itace da kansa a tsohuwar mota. Gulizar na gaban shago, shi yana bakin tanderu. Abin da ya riƙe su shi ne burodin. Madam Viyorika, mai gidan abinci a bakin kasuwa, ita kaɗai tana ɗaukar manya arba'in kullum, sauran kuma tsofaffin unguwa su kwashe kafin azahar.

Sai shekarar da zafi ya narkar da kwalta a watan Yuli. Ciwon ciki ya kama Gulizar, aka yi mata aiki. Remzi ya saka tulun iri a firji, ya rufe shago, ya tare a asibiti kwana huɗu. Bai san wutar layinsu ta ɗauke tun ranar farko ba. Da ya dawo ya buɗe tulun, warin ne ya fara gaya masa. Saman ya yi ja-ja, ga fumfuna ta rufe shi har gefe. Ya kwashe na sama, ya tono na ƙasa, ya ciyar, ya jira. Shiru. Ya sake kwaɓa sabo daga gari da ruwa, kwana biyar, abin ya yi tsami amma ya ƙi tashi. Dole ya koma yis na fakiti, irin wanda kowa ke yi, wanda manyan kantuna ke sayarwa da araha.

Ranar Litinin Madam Viyorika ta zo da kanta, ta danna burodi da yatsa, ya lotse bai dawo ba.

"Wannan katifa ce ko abinci? Remzi, masu cin abincina sun fara tambaya. Ina jin tausayin matarka, amma tausayi ba ya cika faranti. Zuwa Juma'a. In babu na da, zan nemi wani."

Ya hau ɗakinsu da ke saman shagon ya tarar da Gulizar a kishingiɗe, hannunta a kan ɗinkin.

"Na ji ta," ta ce. "Muryarta har titi."

"Zan sake gwadawa da garin baƙar alkama."

"Ka gwada da garin zinariya ma. Remzi, rantsuwar ce ta kama ka, ka sani, na sani. Ka je wurin Usta."

"Gara in rufe shagon."

"To rufe. Sai ka gaya wa 'ya'yanmu biyu girman kai za su ci da safe."

Ranar Talata bayan la'asar ya aske gemu, ya sa farar riga, ya kama hanyar Obor. Sau biyu yana wuce ƙofar Sabri kamar mai neman wani gida. A na uku ya shiga.

Ƙarar 'yan domino ta tsaya. Mutum kusan ashirin ne a ciki, ga hayaƙin taba, ga fanka tana juya zafi. Nizam Usta na can ƙurya a kujerarsa ta kullum, ya tsufa, wuyansa ya zama siriri a cikin kwalar riga. Kusa da shi babban ɗansa Erol, wanda yanzu shi ke riƙe da gidan burodin.

"Wa nake gani kamar Remzi?" in ji Erol. "Ashe kana raye? Sabri, ɓoye sukari, kada ya faɗa aljihun wani."

Aka yi 'yar dariya. Wani direba mai suna Jevat ya ce, "Ƙyale shi, ƙila mahaifiyarsa ce ta aiko shi."

Remzi ya yi sallama, mutum biyu suka amsa a ciki-ciki. Ya je gaban teburin ya tsaya, don ba wanda ya ja masa kujera. Sabri ya wuce ta gefensa da tire cike da 'yan kofuna, ya ajiye wa kowa, ya koma da tiren ba komai.

"Usta, na zo gaishe ka."

Tsohon bai ɗago ba. Ya jera 'yan dominonsa ɗaya bayan ɗaya.

"Gaisuwar shekara shida ce ka tara, ko ta yau ce kawai?"

"Irina ya mutu, Usta."

"Allah ya ji ƙansa. Ka rubuta wa mahaifiyarka ta aiko da wani."

Remzi ya sunkuyar da kai. Ya san mahaifiyarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, Usta ma ya sani, kowa ya sani. Ƙofa na nan a buɗe bayansa, taku goma. Ya tuna yatsan Madam Viyorika a cikin burodi. A kan teburin akwai faranti da gutsattsarin burodi. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya.

"Mahaifiyata ba ta taɓa aiko mini da komai ba sai safa. Naka ne. Na gutsura ranar wata Laraba kana masallaci, na saka a gwangwanin shayi. Na rantse da ƙarya a kan teburin nan. Ga ni, Usta, ka yi yadda ka ga dama."

Nizam Usta ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"Ba ni da shi," ya ce.

"Usta, ko kamar ƙwayar gyaɗa..."

Erol ya fashe da dariya. "Ka ji shi! Kana tsammanin har yanzu muna renon tulu? Inji muke da shi, malam, burodi dubu uku a rana. Wa ke da lokacin ciyar da kwaɓi kamar ɗan goyo? Shekara huɗu ke nan da na zubar da shi a kwata."

"Rufe mini baki," in ji tsohon, ba tare da ya juya ba.

Remzi ya dubi burodin da ke hannunsa. Ya zubar da mutuncinsa a gaban mutum ashirin, ga shi abin da ya zo nema ma babu. Ya ajiye burodin a hankali, ya juya zai fita.

"Wa ya sallame ka?" in ji tsohon. "Haka ka tafi wancan karon."

Ya tsaya.

"Duk Juma'a," in ji Nizam Usta, "matata tana aiken maƙwabciya ta sayo mini guda ɗaya a shagonka. Kana zaton ban san ɗanɗanon irin kakana ba? Tun cizon farko na gane. Da wannan ya zubar da nawa ina kwance ba lafiya, sai na ce, to, alhamdu lillahi, akwai ɓarawo ɗaya da yake kula mini da shi. Ga shi kai ma ka kashe."

"Gulizar ce aka yi wa aiki, wuta kuma..."

"Na ji. Mata ba su daina gaisawa ba don mu mun daina."

Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya nisanta ta da idonsa, ya miƙa wa Jevat. "Nemo mini Hizir na Konstanza." Ya dubi Remzi. "Shi ya roƙa kamar ɗan halak, na ba shi da hannuna. Da kai ka je masa, da kare zai sakar maka."

Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Aka sake kira. Remzi yana ƙirga ƙarar a ransa. A karo na uku murya ta fito.

"Hizir, Nizam ne. Irin nan yana raye? ... Madalla. Ɗebo mini cikin kwalba. ... A'a, ba ni ba, wani yarona ne." Ya saurara. "Eh, shi. Na ce yarona ne, ko kunnenka ya toshe?" Ya kashe. "Jevat, gobe kana da lodi daga tashar jirgin ruwan Konstanza?"

"Ina da shi, Usta. Amma awa huɗu a zafin nan?"

"Naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul, ka ajiye a ƙasan kujera, ka riƙa yayyafa ruwa. In ya mutu a hannunka kada ka dawo."

Sannan ya miƙa hannunsa a kan tebur, bayansa a sama. Remzi ya sunkuya ya sumbata, ya kai goshi.

"Ba kyauta na ba ka ba, amana ce. Duk ɗan Tonya da na aiko maka, ko bayan raina ya zo da sunana, za ka ɗebar masa. Ko da ƙofarka zai buɗe shago."

"Ko da ƙofata ne, Usta."

"Sabri! Mutum yana tsaye tun ɗazu, kai makaho ne?"

Laraba da yamma Jevat ya tsaya a ƙofar shagon, karo na farko a shekara shida da motar ɗan Tonya ta tsaya a wurin. Kwalbar ta yi ɗumi, kwaɓin ya kwanta, ruwa ya taso a kansa. Remzi ya shinshina, ya kasa gane ko yana raye. Ya tsiyaye ruwan, ya ciyar, ya ɗaura zare a jikin kwalbar daidai inda kwaɓin ya tsaya. Alhamis da safe yana nan a kan zaren. Ya sake ciyarwa, ya zauna a kan buhun fulawa. Gulizar ta sauko a hankali tana dafa bango, ta zauna kusa da shi. Wajen azahar ita ce ta fara gani: 'yan ƙananan kumfa a jikin gilashin, kwaɓin ya haura zaren da faɗin yatsa.

Burodin Juma'ar nan guda goma sha biyu kawai ya samu, don irin bai yi ƙarfi ba. Madam Viyorika ta danna ɗaya, ta tsaga, ta ci, ta ce, "Sauran ashirin da takwas fa?" Ya ce Litinin. Ta yi tsaki ta kwashe sha ɗaya. Na sha biyun Remzi ya naɗe a ƙyalle ya kai wa Nizam Usta da kansa.

Nizam Usta bai taɓa taka shagon ba har ya rasu, Erol kuma har yau in sun haɗu da Remzi sai ya duba wani gefe. Mutum huɗu Remzi ya ɗebar wa iri tun daga lokacin. Na ukun, wani ɗan ƙanwar Sabri, a ƙarshen layin Remzi ya buɗe, ya kuma janye masa tsofaffin unguwa kusan rabi. Remzi ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai, amma da motar fulawa ta zo, shi ya nuna wa direban ƙofar yaron.