Takabar da ta kusa tafiya da ni

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, ku yi haƙuri.

Ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Surukata ce daga Afghanistan. Ba na jin yarensu, ita ma ba ta jin nawa. Sunan mijina kawai take kira, Farid, Farid, tana kuka. A nan na gane.

Ya je can ne ya kai ta asibiti. Bam ya tashi a kasuwa. Kafin labari ya iso mana Sparkhill, unguwarmu a Ingila, har sun binne shi.

Na shiga takaba. Yadda na ga iyayenmu suna yi a zangon Kumasi, mai takaba ba ta fita. Na rufe flat, wato gidanmu na bene, na zauna kan darduma, ba na tashi sai alwala. 'Yata Maryam maƙwabciya ke kai ta makaranta. Aikin sharar da nake yi suka ba wata.

Sai ƙafata ta hagu ta kumbura, ta yi zafi. Na ce zama ne. Numfashi ya fara yi mini wuya, na ce baƙin ciki ne. GP ɗinmu, likitan unguwa, ga shi a bakin layi, amma ina tsoron in fita in ɓata wa Farid takabarsa.

Yaya Ladidi ta zo daga Manchester, ta ɗaga zanena ta duba.

"Ke Hajara, kina da hankali? Wa ya ce miki Allah ya hana mai takaba zuwa asibiti? Ki mutu, yarinyar nan fa?"

Ita ta kira motar asibiti. Na kwana a kan gadon da ake turawa a baranda, babu wuri a ɗaki. Suka ɗebi jini, suka ɗauki hoton ƙirji. Likita ta ce jini ne ya daskare a ƙafa, guntunsa ya hau huhu. "Da kin ƙara jira, da ba ma wannan maganar."

Allura a cikina kullum, daga baya ƙwayoyi. Yanzu ina hawa bene ba hutawa. Alhamdu lillahi. Yaya, Allah ya saka miki da Aljanna.

'Yan'uwana mata, lalura ba ta ɓata takaba. Ku tambayi malamai, ni ban tambaya ba. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ku tafi a ranar.

Surukata tana kira har yanzu, mu yi kuka, mu kashe. Ban ga kabarinsa ba. Maryam tana cewa babanta yana wurin Kaka, ban gaya mata ba tukuna.